Ranar da Muka Shiga Kogo da Hajiya Kulu

Duk cikin shekarun da na yi ina jinyar tsofaffi a gidajensu, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da muka sauka cikin wani kogo a tsibirin Bamuda, ni da wata tsohuwa mai shanyayyen ɓarin jiki da ɗanta. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kun sha tambayata abin da ya sa nake hana ku saurin yanke wa iyalan da muke shiga gidajensu hukunci. To yau ga dalilin.

Sunana Binta, ni 'yar Zariya ce, a Laurel nake zaune, kusa da Washington. Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba 'yan aikin ba. Kamfaninmu ba asibiti ba ne. Idan an sallami mara lafiya amma bai kai ga iya kula da kansa ba, mu ake turawa gidansa. A ƙasa akwai mataimakan nas, masu yin wanka da ciyarwa da taya tafiya. Sama da su ƙananan nas, masu ba da magani da auna jini. Sama da kowa sai babbar nas, ita ke tsara yadda za a kula da kowane mara lafiya, kuma ba a sauya komai sai ta sani. A lokacin ni ƙaramar nas ce. Babbarmu wata Ba'amurkiya ce, Misis Helen, mace mai sanyin murya da taurin doka. Ni kuwa tsofaffina Soja suke ce mini, don ba na wasa da lokacin magani, kuma ba a yi mini wayon ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe.

Bayan an buɗe gari daga kullen korona aka tura ni Springfield, gidan wani injiniyan gadoji mai suna Sadiƙ, saboda mahaifiyarsa ba ta jin Turanci. Kullum da safe sai in ratsa cunkoson babbar hanyar da ta kewaye Washington, in isa raina a ɓace, Hajiya Kulu ta tarbe ni da tsiya. Bakatsiniya ce, daga wani ƙauye. Ɓarin jikinta na hagu ne ya shanye bayan rasuwar mijinta, ɗanta ya je ya ɗauko ta. Da na fara zuwa ko zama ba ta iya yi da kanta. A hankali, da motsa jiki da faɗa da dariya, ta kai ga tafiya da sanda mai ƙafa huɗu.

Injiniya Sadiƙ shi ne ɗanta na fari. Duk wanda ya tashi a gida ya san kunyar ɗan fari, amma irin ta Hajiya Kulu ta mutanen da ce, wadda ba a gauraya ta da komai ba. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce mutumin nan. In ya tsuguna gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta yarda ya taɓa ta, ko da kuwa tashi za ta yi daga kujera. Amma bari autarta Nafisa, likita a Houston, ta kira a waya. Nan za ka ga Hajiya ta washe baki, tana Nafisatu tawa, tana yi mata kirari kamar yarinyar goye.

Shi kuwa Injiniya bai yi rayuwar gida sosai ba. Kakarsa ce ta raine shi, sannan babansa ya taho da shi College Park, nan kusa da mu, yana ɗan firamare, lokacin da ya zo karatu, uwar tana can gida da sauran yara. Mutum ne mai haƙuri, mai yawan shiru. Na sha ganinsa a bakin ƙofar falo yana kallon uwarsa tana dariya da waya, sai ya juya a hankali ya koma.

Wata ranar Juma'a ya same ni a kicin ina jera magunguna.

"Nas Binta, mun yi magana da Nafisa," in ji shi. "Ƙarshen bazara Hajiya za ta koma Houston."

Na ce, "Injiniya, wani abu muka yi ba daidai ba?"

"Ko kaɗan. Ba ta jin daɗin zama da ni ne, kowa yana gani."

"Ai kunya ce. Kai ne na fari."

"Na san sunan abin," ya ce. "Tun ina yaro ake gaya mini sunansa. Amma na kai shekara hamsin, Nas. In ta ga Nafisa fuskarta haske take yi, ni in na shigo kamar mai karɓar haraji ya shigo. Ba fushi nake yi ba, wallahi. So nake ta ƙarasa kwanakinta a inda ranta yake."

Na gaya masa abin da idona ya gani. Kullum la'asar ta yi sai ta sa in matsa mata kujera bakin taga, wai tana kallon kurege a bishiya. Motarsa na shigowa sai ta ce in mayar da ita ɗaki. Ya yi murmushi, ya ce, "Kina da kirki. Amma kada ki faɗa mini abu don kawai ki faranta mini."

Da aka gaya wa Hajiya, cewa ta yi, "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Daga ranar ta rage cin abinci, jininta ya fara hawa, motsa jikin ma sai na yi da gaske. Na rufe ƙofa na tambaye ta ko tana son tafiyar.

"Ni kaya ce," ta ce. "Inda aka ajiye ni nan zan zauna."

"Hajiya, ki gaya masa mana."

"Da wane bakin? Ke ba a koya miki kunya ba a Zariya?"

"To ni in gaya masa."

Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta nuna ni. "Kul! In kika faɗa ban yafe ba."

Na kai maganar gun Misis Helen, ita ma ba ta buɗe mini ƙofa ba. Ta ce mara lafiya mai cikakken hankali in ya ce kada a faɗa, ba a faɗa. In ci gaba da lura da jininta da abincinta, sauran na iyali ne. Gaskiya ta faɗa, amma na ji haushi. Ina ji ina gani za a raba uwa da ɗa, kowannensu yana zaton alheri yake yi wa ɗayan, ni kuma an ɗaure mini baki ta gaba da ta baya.

Kafin tafiya Houston, Injiniya ya shirya musu yawon ban kwana a jirgin ruwa, daga Baltimore zuwa Bamuda, shi da matarsa Maryam da Hajiya. Kamfani ya amince in raka su. Hajiya ba ta ga abin burgewa a jirgin ba. Tana ɗaki da carbinta, in ta leƙa taga ta ce, "Wai wannan ruwa ba shi da ƙarshe ne?" Da muka isa tsibirin aka yi ta fita, bakin teku, kasuwa, tsohon gari, duk ta ce a sauka lafiya.

Rannan muna karin kumallo Maryam ta kawo labarin wani kogo da wata mata ta ba ta. Ta ce ana sauka can ƙarƙashin ƙasa, akwai tafki a ciki, kuma in an kai ƙarshe har fitilu suke kashewa na ɗan lokaci, ko tafin hannunka ba ka gani. Ita dai ta ce ba da ita ba, za ta jira a sama. Injiniya ya ce shi zai je. Hajiya, wadda take zaune ta ba teburin rabin baya da shayinta, ta ajiye cokali.

"Da ni za a je," ta ce.

Na ɗauka wasa ne. Na ce, "Hajiya, kogo fa aka ce. Ba ke ce ko ɗakin ƙasa na gida ba kya shiga ba, wai akwai mutanen ɓoye?"

"Na yi addu'a."

Raina ya ɓaci. Matakala ce mai tsawo, a jiƙe, ga ƙafa mai rauni. Faɗuwa ɗaya ta isa ta karya mata ƙugu, kuma kun san abin da karayar ƙugu take nufi ga mai shekarunta. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta kafe. Na fita na kira Misis Helen ina jiran ta ce a'a.

"Hankalinta ƙalau yake?" ta tambaya.

"Ya fi nawa."

"To shawararta ce. Namu mu gaya mata haɗarin, mu rage shi. Ɗamara, takalmin roba, mutum biyu. Wanda ya fi ƙarfi ya tsaya ta ɓarin da ya shanye."

Ɗamarar da take nufi wani faffaɗan bel ne da muke ɗaura wa mara lafiya a ƙugu, mu riƙe shi ta baya, don in ya zame kada mu fizgi hannunsa mu gurɗa masa kafaɗa. Maganar wanda ya fi ƙarfi kuwa, sai na ga na samu makami. Na koma na ce, "Hajiya, an yarda. Amma doka ta ce Injiniya ne zai riƙe ki ta hagu, hannu da ɗamara, tun daga sama har ƙasa." Na tabbata nan zancen zai mutu.

Ta kalli teku ta taga. "Tunda doka ce," in ji ta.

Injiniya ya ɗago ya dube ni. Ni ma dubansa na yi.

Da hantsi muka isa. Mai yi wa baƙi jagora wani dattijo ne ɗan tsibirin, mai fara'a. Da ya ga sandar Hajiya ya ce mu biyo baya a hankali, ba wanda zai kore mu. Na koya wa Injiniya riƙon: hannun dama a ɗamara, na hagu a ƙarƙashin damtsenta. A sauka ƙafa mai rauni ke fara taka ƙasa, a hawa mai lafiya ke fara hawa. Ya riƙe ta kamar wanda aka ba ɗanyen ƙwai. Ita ko kallonsa ba ta yi ba, ni take ta yi wa mita wai takalmin robar ya matse ta.

Muna sauka iska tana sauyawa, ta yi nauyi da danshi, ƙarar duniya tana raguwa har ba ka jin komai sai ɗigar ruwa. Gumi ya jiƙe mini hijabi, rabi na zafi rabi na tsoro. Sau ɗaya ƙafarta ta ɗan zame, na ji ɗamarar ta ɗaure a hannuna, amma kafin in yi wani abu Injiniya ya riga ya tare ta da ƙirjinsa. Muka ci gaba.

Da muka kai ƙasa ni kaina na manta da faɗan da nake yi. Rufin kogon gaba ɗaya duwatsu ne farare suke reto, wasu sirara, wasu sun fi cinyar mutum kauri, duk bakinsu yana kallon ƙasa, kowanne da ɗigon ruwa a tsininsa. Wasu kuma daga ƙasa suka taso suna neman na sama. A ƙarƙashinmu tafki ne garau, kana hango duwatsun da ke can gindinsa kamar ka miƙa hannu ka taɓa, alhali jagoran ya ce zurfinsa ya shanye dogon bene. Ya yi bayani cewa dutsen tsibirin irin wanda ake yin farar ƙasa da shi ne. Ruwan sama ke ratsa shi yana narkar da shi, in ya ɗiga sai ya bar ɗan abin da ya ɗauko, kuma kafin tsinin ya ƙaru da tsawon gaɓar yatsa, wanda ya ga farkonsa ya daɗe a kabari. Ya roƙe mu kada mu taɓa, don maiƙon hannu yana ɓata su.

Na fassara wa Hajiya. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. "Ikon Allah," ta ce. "Kamar an shanya taliya an manta ba a kwashe ba."

Wata gadar katako ce shimfiɗe a kan ruwan, tana ɗan lilo in an taka. Muka bi ta har kusa da ƙarshe, a bayan sauran baƙin. Injiniya ya dage da kallon ƙusoshin gadar da mahaɗanta kamar aiki aka turo shi dubawa. Sai jagoran ya ce kowa ya tsaya inda yake, ya kama ƙarfen gefe, zai nuna mana yadda kogon yake kafin a kawo masa wuta. Na ƙara damƙe ɗamarar ta dama. Ya kashe.

Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba. Ka buɗe ido ka rufe, duk ɗaya. Turawan suka yi ta 'yar dariya. Sai na ji muryar Hajiya, ƙasa-ƙasa.

"Binta."

"Na'am, Hajiya."

"Ki saurara da kyau, don ba zan maimaita ba. Mutumin nan, da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ban ce komai ba, haka ake yi. Sai in bari an watse gona, in zagaya ta bayan rumbu in tsaya ina kallonsa yana wasa da ƙasa. Ranar da babansa zai tafi da shi ƙasar waje, mata suka cika gida suna kallon fuskata, su ga ko zan yi abin kunya. Na ci gaba da tankaɗen garina. Da motar ta tashi na shiga ɗaki na cusa zane a baki, don kada a ji."

Daidai nan jagoran ya ɗaga murya yana tambaya ko mun shirya ya kunna.

Ku da kuka san ni, ku yi tunani. Ni Soja, tsaye da mai shanyewar jiki a kan gada mai lilo, a kan ruwa mai zurfi, cikin duhu. Ba abin da nake so a duniya kamar wutar nan ta dawo. Amma sai na ji bakina yana cewa da Turanci, "Don Allah, Malam, ɗan ƙara mana kaɗan." Mutane suka yi dariya. Dattijon, Allah ya saka masa, bai tambayi dalili ba. Ya ce tunda akwai mai son duhu, bari ya ba su labarin yadda aka gano kogon, ya kama zuba da ƙarfi.

Hajiya ta ci gaba. "Nafisa 'yata ce, ina son ta. Amma ita ta same ni tun tana ƙarama, ta ƙoshi da ni. Shi bai samu ba, ni ma ban samu ba. Yanzu da Allah ya kawo ni inda nake jin tarinsa ta bango, in ji shigowar motarsa, sai a ce in tafi? In nauyi na yi masa, to in tafi, ba komai. In kuwa yana zaton zaman ne ba na so, ki gaya masa ni a gidansa nake so in mutu. Kin ji?"

Da ƙyar na ce, "Na ji, Hajiya."

Wuta ta dawo. Hajiya tana kallon rufi abinta, fuskar nan a ɗaure kamar ba ita ba. Ta nuna wani dutse da haɓa ta ce, "Wancan kuma sak hantsar saniya." Injiniya ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga da hannu ɗaya, ɗayan bai saki ɗamarar ba. Hawaye ne shaɓe-shaɓe har gemu. Ni ma ban fi shi ba.

Hawan ya fi saukar wuya. Ba mai magana sai ni, ina cewa dama, sai hagu, huta. Mun fito bayan kowa ya daɗe da fita, Maryam tana tsaye hankalinta a tashe. Muka zaunar da Hajiya a benci ƙarƙashin wata bishiya, na auna jininta, na ga ya fi na kwanakin baya kyau duk da hakin da take yi.

"Binta," ta ce, "ki ce wa mutumin nan ya samo mini ruwa mai sanyi."

Ya tafi ya kawo. Ya tsuguna a gabanta kamar yadda yake yi kowace safiya, ya ajiye gorar kusa da ƙafarta. Na zaci zai yi mata magana, har gabana ya faɗi, don na san in ya ambaci abin da ta faɗa a gaban surukarta da hasken rana, ya gama kunyata ta. Sai ya juyo gare ni.

"Nas Binta, ki gaya wa Hajiya saƙonta ya iso. Ki gaya mata ba inda za ta."

Tsakaninsu bai kai taku ɗaya ba, amma na juya na isar da saƙon yadda aka ba ni. "Hajiya, ya ce saƙo ya iso, kuma ba inda za ki."

Ta ɗauki gorar ta kurɓa. "Allah ya yi albarka."

Na ce, "Wa, Hajiya? Ni ko shi?"

"Ke dai Soja ba ki da ta ido," in ji ta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Maryam tana ta kallonmu ɗaya bayan ɗaya, ta rasa abin da ya faru a ƙasa.

Da muka dawo na ba Misis Helen rahoto: ba faɗuwa, jini ya sauka, abinci ya dawo, tafiya Houston an fasa. Ta ce in ci gaba da tsarin da muke kai. Nafisa kuwa da yayanta ya kira ta, cewa ta yi ita dama ta san Hajiya ba za ta iya barin gidan Yaya ba, ta yi shiru ne don kada ya ce gudun ɗawainiya take yi.

Abin da na koya a ranar shi nake so ku riƙe. Muna shiga gidajen mutane da na'urar auna jini da ɗamara, mu ga uwa ba ta kallon ɗa, ko miji ba ya zama kusa da mata, mu ce mun gane gidan. Ba mu gane ba. Mutanenmu, musamman tsofaffin, akwai maganar da ba za su iya faɗa wa mai ita ba ko za su mutu da ita, sai sun samu wanda za su kira sunansa su faɗa ta kansa. Wani lokaci aikinku ke nan a gidan, ku tsaya a kira sunanku, ku ce na'am. Kada ku riga su faɗa, kada kuma ku bar wurin in sun fara.

Hajiya Kulu ta ƙara shekaru tare da mu. Ta rasu wata safiya a lokacin sanyi, a gidan Springfield, a ɗakin da ke jikin nasa, yana zaune a gefen gadon. Har ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba, shi kuma bai ƙara jiran ta kira ba.